Layi na Huɗu ya Fashe

Shafi na 27

Masu cewa na ja muku rai da zancen gwajin jinin Hadiyya, to ga shi nan ya fito. Kowa ya gyara zama.

*

Layi huɗu ne a kan teburin ɗakin gwaji, kowane layi kwalabe goma sha biyu. Amatullahi ta tsaya ta kafa musu ido, hannunta ɗaya dafe da cikinta ɗan wata bakwai.

Shekararta tara tana wannan aiki a asibitin nan na Dutse, ta san gwajin kamar tafin hannunta. Ruwan gishiri ne ake zubawa a kwalaben, na farko mai kauri, na gaba ya fi shi tsinkewa, haka har na ƙarshe ya zama ruwa zalla. Sai a ɗiga jini a kowace. Ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan jure, ba sa fashewa sai an kai kwalba ta bakwai ko ta takwas. Mai ciwon gado kuwa tun daga ta uku ruwan zai rine ja.

Layi na farko na Hadiyya ne, budurwar da ke kwance a ɗakin mata da saifa a kumbure, idanu kamar an shafa musu kurkur. Ya fashe tun a kwalba ta uku. Wannan ba abin mamaki ba ne, abin da likita yake zargi ke nan tunda gwajin sikila ya nuna AA.

Layi na biyu na mahaifinta ne, Alhaji Mailafiya. Lafiya ƙalau.

Na uku na mahaifiyarta, Hajiya Zahra'u. Lafiya ƙalau.

Na huɗu shi ne ma'auni, jinin lafiyayyen mutum wanda bai haɗa dangi da mara lafiya ba, da shi ake kwatanta sauran. Shi ne bai kamata ya motsa ba.

Ya fashe a kwalba ta uku.

"Ikrima," ta kira abokin aikinta ba tare da ta juya ba. "Zo ka gani."

Ya taso yana goge hannu.

"In dai gishiri ne ya yi yawa, ba ni na haɗa ba, Anti."

"Duba dai."

Ya sunkuya. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Ruwan ne ya lalace."

"Da ruwan ne, da na iyayen ma sun fashe."

"To an haɗa kwalabe. Kin ɗiga na yarinyar sau biyu."

"Na sake da sabon ruwa. Na sa a madubin likita ma. Ƙwayoyin 'yan mulmulallu ne kamar gero, irin nata sak."

"Wa kika ɗiba jiya?"

Ta kau da kai tana gyara kwalaben.

"Anti, ba ni ba ne, ina kan maganin zazzaɓi. Ba ke ba ce, kina da ciki. Wa kika ɗiba?"

"Dattijuwar da ke jinyarta. Adda."

"Kin tambaye ta?"

"Sau biyu. Ta ce ba su haɗa jini ba, shayar da yarinyar kawai ta yi. Alhajin ma yana tsaye ya ce haka ne."

Ikrima ya miƙe a hankali ya dube ta.

"Nono dai ba ya ɗaukar wannan ciwon."

"Na sani. Je ka samo min jinin wata nas mai lafiya, mu sake ma'auni. In ka bi ta ɗakin mata ka ce Adda ta zo. Ita kaɗai."

*

Ba ita kaɗai ta zo ba.

Adda ce a gaba, doguwa siririya, da zanen Fulani a gefen bakinta. Hajiya Zahra'u na biye da ita, mayafinta ya zame a kafaɗa ba ta ma sani ba.

"Sannu da aiki, 'yar nan," in ji Adda. "An ce kina nemana."

"Sannu Adda. Hajiya, da za ki ɗan ba mu wuri..."

"Ba inda za ni," Zahra'u ta katse ta. "Shekara goma sha tara muna gida ɗaya a Limawa, ba abin da za a faɗa mata da ba zan ji ba. Sakamakon Hadiyya ne ya fito?"

"Ya fito, likita ne zai yi muku bayani. Wannan maganar Adda ce."

Adda ta zauna a bakin kujera.

"Faɗi a gabanta."

Amatullahi ta tura ƙofar ta rufe. Ta jawo kujera ta zauna daf da ita.

"Adda, kin taɓa yin shawara?"

"Wa ye bai taɓa ba? In zazzaɓi ya kama ni idona kan ɗan canja, in sha jiƙo ya wuce."

"Nan gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, yana miki nauyi?"

Adda ta kai hannu wurin kafin ta ankara. Ta yi sauri ta sauke.

"A danginku akwai mai ciwon saifa?"

"Baffana ya yi. Da shi ya rasu a ruga."

"Me ya kawo wannan tambayar?" muryar Zahra'u ta ɗan yi sama. "Ba ita ce mara lafiya ba."

Amatullahi ta nuna teburin.

"Wancan layin na farko na Hadiyya ne. Kun ga inda ja ya fara? Wannan na ƙarshe na Adda ne."

Su biyun suka duba. Ba sai an yi karatu ba, layukan nan biyu kamar an tsaga kara.

"Ciwon da ke jikin Hadiyya shi ne a jikinki, Adda. Naki mai sauƙi ne, shi ya sa kika kai yau ba ki kwanta ba. Ba sikila ba ne, amma shi ma gadonsa ake yi."

"A nono ta sha," Zahra'u ta ce da sauri. "Kowa ya sani Adda ce ta shayar da ita, ni ina kwance."

"Ba a sha a nono, Hajiya."

"To a abinci. Kwano ɗaya suke ci."

"Ba a ci a abinci."

"To injinku ne ya lalace!"

"Ba inji a ciki. Ruwa ne da gishiri."



Amatullahi ta sassauta murya.

"Ni ban kira ku don in tuhumi kowa ba. Ciwon nan ba shi da yawa a ƙasar nan, a shekara tara sau biyar na gan shi. A ce mutum biyu da ba dangi ba, a gida ɗaya... Adda, jiya na tambaye ki don aikina ya yi kyau. Yau ina tambayarki don lafiyarki da tata. Mece ce Hadiyya a wurinki?"

Adda ta kalli ƙasa.

"Yarinyar nan 'yar Alhaji ce."

"Kin ji ko?" in ji Zahra'u.

"Na ji. Kwana huɗu ina shiga ɗakinku ɗibar jini, Hajiya. Ke kina kiranta Hadiyya, Hadiyya, bakinki ba ya nauyi, alhali an ce 'yar farinki ce. Adda kuwa ko sau ɗaya ban ji ta kama sunan ba. Yarinyar nan. Ita wannan. Mai gadon can. Ni ma jikar Fulani ce, na san wadda take kunyar sunan 'yar fari."

Zahra'u ta dafa bango.

Adda ba ta ɗago ba. Hawaye ne kawai ya ɗiga a bayan hannunta.

"Adda, kar ki..." Zahra'u ta fara.

"Bari, Zahra'u. Jini ya riga mu magana."

"Kin yi wa Innata rantsuwa!"

"Inna tana kabari. Ita wannan tana kan gado."

Ta share fuska da gefen zane, ta dubi Amatullahi.

"Ni na haife ta."

Amatullahi ta san abin da za ta ji ke nan, amma sai da ɗan cikinta ya motsa.

"Mijina ya rasu ina da ciki wata biyar," in ji Adda, muryarta a kwance kamar mai ba da labarin wata. "Shanun suka watse a hannun 'yan'uwansa. Innar Zahra'u ta ɗauke ni a gidanta a Garki, ina taya ta aiki. Sai ga Zahra'u ta zo goyon ciki, haihuwar fari. Na haihu ran Talata. Ita ta haihu ran Laraba."

"Tawa ba ta yi kuka ba," Zahra'u ta karɓa, idonta a rufe. "Ko sau ɗaya. Jini ya ɓalle min, aka kwashe ni sai asibiti. Da na farfaɗo an cire min mahaifa. Inna ta miƙo min jaririya ta ce ga 'yarki."

"Ba ki sani ba?"

"Sai bayan suna. Na ga yadda Adda take juya baya in an miƙa mata ita a gaban mutane. Na tsare Inna, ta faɗa min. Lokacin an yanka rago, an raɗa suna, Alhaji ya zaga da ita dangi kaf. In ce masa me?"

"Ke kuma Adda kika yarda?"

"Ba uba, ba saniya, ba ɗaki. Me zan ba ta? Inna ta ce za ta tashi a gidan ilimi, ni kuma ba za a raba ni da ita ba, ni zan shayar. Aka ce tawa ce ta koma." Ta ɗan yi murmushi mai ciwo. "Ga shi tana jami'a a Kafin Hausa. Inna ba ta yi ƙarya ba."

Zahra'u ta zube a gaban Amatullahi, gwiwa biyu a kan siminti.

"Hajiya, don Allah tashi!"

"Ba zan tashi ba. Ke ma uwa ce, ga shi a jikinki. Alhaji ba shi da kowa sai ita. Tun da aka ce ba zan ƙara haihuwa ba ya ce Hadiyya ta ishe shi duniya. An sa ranarta bayan babbar salla, shi ne waliyyi. In ya ji, wallahi ba aurena kaɗai zai mutu ba, shi ma binsa zai yi. Ki zubar da layin nan."

"Hajiya..."

"Ruwa ne da gishiri, ke kika faɗa. Ki tuttular a rariya."

Amatullahi ta kama hannuwanta ta ɗaga ta da ƙyar, ta zaunar da ita.

"Ki saurare ni. Jinin Adda ba zai shiga takardar Hadiyya ba, don bai cika sharaɗin ma'auni ba. Ikrima ya tafi samo wani, shi zan rubuta. Wannan ba ƙarya ba ce, ƙa'idar aiki ce."

"To in Alhaji ya ga nasa lafiya, nawa lafiya? Shi fa ya matsa a gwada mu, wai sai ya san ta wane ɓangare ciwon ya shigo."

"A cikin masu ciwon nan huɗu, ɗaya ba a samunsa a jinin uwa ko uba. Likita zai faɗa masa haka, kuma gaskiya ne."

Zahra'u ta saki wani dogon numfashi, ta rufe fuska da tafukanta.

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Allah ya sauke ki lafiya, ya rufa miki asiri duniya da lahira."

"Amin. Amma ki ji sauran. Adda za ta yanki kati ta ga likita, ciwonta nata ne, sirrinta ne, ba mai ji daga bakina. Sai dai ba zan rubuta ƙarya ba, ba kuma zan yi abin da zai cuci mara lafiya ba. Ko don wa."

"Ba wanda ya ce ki cuce ta."

"Na dai faɗa."

Adda ta kalli layin farko.

"'Yar nan, ni na sa mata ke nan."

"Ba ke kika zaɓa ba, Adda."

"Za ta tashi?"

"In sha Allahu. In aka cire saifar, masu irinsa suna rayuwarsu, su yi aure su haihu."

"Ɓingel am," in ji Adda a hankali, da harshen da ta bari a ruga. 'Yata. Shekara goma sha tara kalmar na maƙale a maƙogwaronta.

Amatullahi ta tashi ta nufi teburin. Ta kai hannu za ta ɗauke layi na huɗu ke nan aka buga ƙofa da ƙarfi, kafin ta amsa an turo.

Alhaji Mailafiya ne. Hularsa a karkace, gumi ya jiƙa gaban rigarsa. Tsohon malamin dabbobi ne, mutum mai natsuwa, yau kuwa ko sallama bai yi ba.

"Kuna nan ashe! Na zaga asibitin nan kaf."

"Abban Hadiyya, lafiya?" Zahra'u ta miƙe.

"Ta suma a banɗaki. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ba za a jira la'asar ba, yanzu za a ƙara mata. Da ma don gwajin nan aka dakata da ƙarin jinin, to an gama ɗiba. Sun duba ma'ajiya ba irin nata."

"Innalillahi! Mu je a ɗebi nawa."

"Na tambaya. Ke kina allurar suga, ni hawan jini, duk sun ƙi." Ya juya. "Adda, taso. Ke za a gwada."

Adda ta riga ta miƙe. Har ta fara naɗe hannun rigarta.

Amatullahi ba ta san lokacin da ta isa bakin ƙofa ba. Ta tsaya a tsakiya, cikinta ya tare hanya.

"Adda ba za ta bayar ba."

Alhaji ya dube ta kamar bai ji daidai ba.

"Na'am?"

"Ba za ta ba da jini ba, Baba. Bari in kira Ikrima, muna da lambobin masu bayarwa, akwai ɗalibai, cikin awa ɗaya..."

"Awa ɗaya? Ga mutum a tsaye?"

"'Yar nan, matsa," in ji Adda. "Ko duka ne a kwashe."

"Adda, kin san ba zai yiwu ba."

"Na ce ki matsa!"

Zahra'u ta matso ta kama hannun Amatullahi, ta matse har farcenta ya shiga.

"Ki bari a ɗiba mana," ta ce ƙasa-ƙasa. "Leda ɗaya ce. Me leda ɗaya za ta yi?"

"Jinin da zai fashe a jikinta kafin gobe? Saifarta ta ƙara kumbura da shi? Ita kuma mai bayarwar ta faɗi? A'a, Hajiya."

Ta yi maganar a hankali, amma ɗakin ƙarami ne.

"Wane jini ne zai fashe?" in ji Alhaji.

Ya tako ya tsaya a gaban Amatullahi.

"Malama, da ke nake. Jiya a gabana kika dubi idon Adda, kika auna ta, kika ce lafiyayyen jini kike nema shi ya sa kika zaɓe ta. Yau kuma ba shi da kyau?"

"Baba, wannan tsakanina da ita ne. Sirrin mara lafiya ne."

"Mara lafiya." Ya maimaita kalmar a hankali. "Adda ce mara lafiya."

"Abban Hadiyya, mu je wurin yarinyar nan, a bar..."

Ya ɗaga mata hannu. Idonsa ya riga ya sauka a kan teburin.

Shekara talatin ya yi yana ɗibar jinin shanu yana jera kwalabe. Ya taka a hankali ya tsaya a gabansu. Ya ciro tabarau daga aljihu ya saka. A jikin kowane layi akwai farar takarda da Amatullahi ta manna da rubutun hannunta.

Ya karanta na farko. Ya bi kwalaben da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ya tsaya.

Ya karanta nasa, ya bi har takwas.

Na matarsa, har takwas.

Ya karanta na huɗu. Ɗaya. Biyu. Uku.

Yatsan ya tsaya a nan.

Amatullahi ta zaro waya ta danna.

"Ikrima, bar ma'aunin nan. Ɗakin mata, gado na shida, ana neman jini yanzu-yanzu. Kira duk wanda ke cikin gari. In ka kwana biyu da gama maganin zazzaɓin, kai ma a duba ka." Ta kashe. "Baba, za a samu. Ka je wurinta, tana buƙatarka."

Bai motsa ba.

"Likita ya ce gado ne," ya ce, bayansa na gare su. "Ko ba haka ya ce ba?"

"Akwai waɗanda ba a samu a iyayensu ba, Baba. Ɗaya cikin huɗu."

"Na ji. Akwai kuma waɗanda ake samu a mai renonsu?"



Ya cire tabaran, ya ninke shi, ya mayar aljihu. Da ya juyo fuskarsa ba fushi a cikinta, shi ne ma abin da ya fi ba Amatullahi tsoro. Ya dubi Adda, wadda hannun rigarta ke naɗe har yanzu. Ya daɗe yana dubanta, goshi, hanci, dogon wuyan nan, kamar yau ya fara ganinta.

Sannan ya juya ga matarsa.

"Zahra'u."

Tunda aka haifi Hadiyya bai ƙara kiranta da sunanta ba sai yau.

"Ran Alhamis na iso Garki, kina asibiti ba ki san inda kanki yake ba. Inna ta ce min jaririyar baiwar Allahn nan ta koma, ba namiji a gidan, in taimaka. Ni na karɓe ta a tabarma. Ni na sa ta a rami da hannuna, na yi wa Adda ta'aziyya, na wanke hannu na tafi sayen ragon suna."

Zahra'u ta fara girgiza kai.

Ya ɗaga tafukansa biyu ya kalle su.

"'Yar wa na binne?"